Kin nufi alheri amma kin fasa sirrin taro: amsa ga 'yar'uwa a Bronx

Wasiƙar ta zo da tsawo, na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Anti barka da ƙoƙari. Ina zaune a Bronx cikin birnin New York shekara tara kenan, aikin kula da tsofaffi a gida nake yi. Benen da muke haya duk lokacin sanyi sai hita ta mutu, mai gidan kuma ko a jikinsa. Wata ƙungiyar Yahudawa masu haɗa kan 'yan haya su suka shigo suka tara mu suka koya mana yadda ake kai ƙara har aka gyara. Daga nan na saba da su suka sa ni a ƙaramin kwamiti, muna mitin duk Talata a ƙasan wurin ibadarsu. Ranar farko sun ba mu takardar ƙa'idojin zama tare kowa ya sa hannu, ni ma na sa amma gaskiya ban karanta da kyau ba. Watan jiya wata dattijuwa Bayahudiya maƙociyarmu ta faɗa a mitin tana hawaye cewa wata huɗu ba ta biya haya ba saboda jinyar mijinta. Tausayi ya kama ni na saka maganar a guruf ɗinmu na WhatsApp na matan Hausawa don mu haɗa mata wani abu. Magana ta zaga har ta kai kunnen mai kula da benen, ya tare ta da ita a bakin lifta. A mitin na gaba yarinyar da ke jan ragamar zaman, wadda ba ta girmi 'yata ba, ta nuna takardar a bango ta ce a gaban kowa wai na karya alkawari. Na ɗauki jakata na fita. Maigidana ya ce dama me ya kai ni cikin Yahudawa. Sati uku kenan ban koma ba, sun kira ban ɗaga ba. Anti ni fa alheri na nufa. In koma ko in rabu da su?"

Ƙanwata, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu kuma wallahi na ji zafin da kika ji, mace da girmanta a tsayar da ita gaban mutane a ce ta ci amana, ba ƙaramin abu ba ne, balle a ƙasar da dama kullum mutum yana jin kamar ana kallon bakinsa in yana Turanci. Amma tunda shawara kika nema ba lallashi ba, bari in fara da abin da ba zai miki daɗi ba: kin yi kuskure. Niyyarki fara ce tas, ban yi shakka ba ko kaɗan, sai dai matar nan ba ta ce miki ki je ki faɗa ba. Ta buɗe cikinta ne a ɗakin da aka yi mata alkawari cewa abin da aka faɗa a nan a nan zai tsaya, da ba don wannan alkawarin ba da ta haɗiye abinta ta koma gida kamar yadda ta yi wata huɗu tana yi. Ki ɗan tsaya ki hango ta a bakin liftan nan, tsohuwa riƙe da ledar magani, mutumin da ke kai wa mai gida rahoto yana tambayarta ina kuɗin haya a gaban masu wucewa. Ke kin san abin da rufin asiri yake nufi a wurinmu, mace za ta kwana da yunwa ta ɗora tukunyar ruwa a wuta don kar maƙota su gane. To su ma fa haka suke, mutane ne.

Kuma ki sani takardar nan da kika sa wa hannu ba yayin Turawa ba ne kawai na son rubuce-rubuce. Irin waɗannan ƙungiyoyi da yawansu suna kiran takardar da sunan berit, wato alkawari da Ibrananci, kalmar da suke amfani da ita ga alkawarin da ke tsakanin Allah da Annabi Ibrahim, kin ga ba kalmar wasa ba ce a bakinsu. Maganar riƙe sirri kuwa tana cikin Talmud, babban kundin malamansu na dā, inda aka ce duk abin da mutum ya faɗa maka yana ƙarƙashin "kar ka faɗa" har sai shi da kansa ya ce maka je ka faɗa. Suna da wani babi guda da suke kira lashon hara, mugun harshe (lashon ɗin nan shi ne lisan na Larabci), kuma abin da zai ba ki mamaki shi ne ba ƙarya suke nufi da shi ba, magana ce ta gaskiya da za ta cutar da mutum ko ta zubar masa da mutunci. Wani malaminsu mai suna Yisra'el Meir Kagan da ya zauna a garin Radin, wanda yanzu yake cikin ƙasar Belarus, ya wallafa littafi sukutum a 1873 kan wannan batu kaɗai, ya jera sharuɗɗan da sai sun cika kafin a halatta a faɗi abin wani, ciki har da a fara tunkarar mutumin da kansa, kuma ya zama babu wata hanyar da za a cimma amfanin sai ta faɗar. Ke kuwa hanya tana nan a buɗe, ƙofarta tana bene ɗaya da taki. Da kin ƙwanƙwasa kin ce mama ina da 'yan'uwa da za su so su taimaka, kin yarda in faɗa musu ko in ɓoye sunanki? Shikenan fa. Da yanzu labarin daban ne.

Duk wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenki in kin tuna karatun Islamiyya. Da aka tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da giba ai cewa ya yi ambaton ɗan'uwanka da abin da yake ƙi, in abin yana tare da shi ka yi gibarsa, in babu ka yi masa ƙage. Akwai kuma hadisin da ya ce in mutum ya yi maka magana sannan ya waiga, to amana ce. Matar nan ba waigawa kawai ta yi ba, takarda aka manna a bango. Ko a batun sadakar ma, Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa haifaffen Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, da ya jera matakan sadaka guda takwas ya ɗora wadda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba a can sama kusa da ƙololuwa, dalili kuwa ɗaya ne, kar mai karɓa ya ji kunya. Mu ma ai hannun hagu bai kamata ya san abin da na dama ya bayar ba. Guruf mai mata hamsin ko sittin kuwa kin san ba ya riƙe ruwa, magana zarar bunu ce.

To yanzu in juyo kan yarinyar, don ita ma ban wanke ta ba. Abin da ta yi miki kuskure ne, kuma kuskure ne a ma'aunin mutanenta tun kafin a zo namu. A Attaura, cikin Littafin Firistoci sura ta 19, ayar da ta hana yawo da tsegumi ita ce ta 16, ta 17 kuma ta ce ka tsawata wa maƙocinka amma kar ka ɗauki zunubi saboda shi, malamansu suka fassara wannan ƙarshen da cewa kar gyaran ya zama tozartawa. Musa bin Maimun ɗin nan dai ya rubuta ƙarara cewa mai gyara ya keɓe da mutum, ya yi masa magana a hankali da taushin harshe, ya nuna masa don amfaninsa yake faɗa. Talmud ma ya kai abin inda ya ce wanda ya kunyata ɗan'uwansa a bainar jama'a kamar ya zubar da jini ne, suka kawo hujja da yadda jini ke janyewa daga fuskar mutum ta yi fari fat. Ina jin kin san wannan yanayin, kin ji shi a jikinki ranar Talatar nan. Saboda haka in kin koma ba da kai a ƙasa kaɗai za ki koma ba, kina da haƙƙin da za ki nema, kuma da takardarsu za ki nema. Ki ɗauko ta ki karanta a nutse wannan karon, in Turancin ya yi nauyi ki sa 'yarki ta karanta miki layi-layi. Kusan duk irin waɗannan takardu da na gani suna ɗauke da layin kyautata zato, wanda shi ma daga tsoffin maganganun malamansu aka ɗauko shi, cewa ka auna kowane mutum a ma'aunin alheri, suna kuma ɗauke da layin cewa in wani ya ɓata maka ka same shi kai tsaye kafin ka kai gaban taro. In layin yana ciki to ita ma ta taka shi, in babu shi to ga gudummawarki ta farko, ki ce a ƙara.

Batun shekarunta ne nake so ki sassauta a kai. Na san a gida yarinya sa'ar 'yarki ko sunanki ba za ta kama ba. Amma na taɓa zama a irin wannan mitin, ɗaki ne a ƙasan gini mai kujerun ƙarfe masu naɗewa da butar shayi a lungu, na ga wani tsoho da ya haura tamanin, da 'yar hular nan tasu a tsakar kai, ya ɗaga hannu yana jira wata 'yar ashirin da 'yan kai ta ba shi dama, da minti biyunsa suka cika ta ɗaga masa wani kati, ya yi shiru a tsakiyar jimla ya ce na gode. Da farko raina ya sosu, na ce wannan wace irin tarbiyya ce. Sai da aka zo kan wata mata mai goge-goge a otal, Turancinta a karye, muryarta na rawa, ita ma aka ba ta minti biyu cif kuma babu wanda ya katse ta, lauyan da ke gefenta ma sai da ya jira, a nan na gane amfanin abin. Ƙa'idar da ta sa yarinya ta tsayar da tsoho ita ce ta sa aka saurari mai goge-goge, ita ce kuma ta sa ke da kike wankan tsofaffi kike zaune a kwamiti ɗaya da masu digiri kuna da ƙuri'a ɗai-ɗai. Wannan salon haɗa kan talakawan unguwa ya samo asali sosai daga aikin Saul Alinsky, wani Bayahude ɗan Chicago da ya fara a unguwar mahauta ta birnin a 1939, inda ya tara ma'aikata 'yan ƙabilu daban-daban da ba sa ga maciji da juna, kuma mutanen da ba su haɗa yare ko coci ba ba abin da zai riƙe su a ɗaki ɗaya sai ƙa'idar da kowa ya yarda da ita. Yarinyar kujera take riƙe ba girma ba, wata rana ke za a ba kujerar.

Ga yadda nake ganin za ki bi da abin. Ki fara da dattijuwar, ba da ƙungiya ba, don ita aka cuta. Ki je ƙofarta ke kaɗai, kar ki aika saƙon waya. Kuma dan Allah in kin buɗe baki kar ki fara da "ni alheri na nufa", ta riga ta sani, in kin fara da shi zai zama kamar kin zo kare kanki ne. Ki ce mama kin faɗi magana cikin amana na fitar da ita ba da izininki ba, na jawo miki kunya, ki yafe min. Sai ki yi shiru ki bar ta ta faɗi abin da ke ranta ko da zai yi ɗaci. A addininsu wannan zuwan naki yana da nauyi ƙwarai, don sun yi imani cewa ko Yom Kippur, ranar azuminsu mafi girma ta neman gafara, ba ta goge laifin da ke tsakanin mutum da mutum sai an je an nemi yardar wanda aka ɓata wa, kamar dai yadda muke cewa haƙƙin bawa sai bawa ya yafe. Suna kiran abin teshuba, komowa, tushensa ɗaya da tuba ɗinmu. An kuma koya musu cewa mai laifi ya nemi afuwa har sau uku, kuma wanda aka roƙa da gaske bai kamata ya taurare zuciya ba. Don haka in ta ƙi sakin fuska a zuwan farko kar ki yi fushi ki ce ai na yi nawa, ki ba ta kwanaki ki sake komawa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki kuma koma guruf ɗin ki goge saƙon, ki ce wa matan kuskure kika yi a bar maganar, kuɗin da aka riga aka tara kuma ki tambaye ta, in ta ce ba ta so a mayar wa masu shi ba tare da surutu ba.

Akwai taimakon da ya fi kuɗin adashi amfani gare ta ma. Tun 2017 birnin New York ya kafa dokar ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta in mai gida ya kai su kotu don ya tashe su, shi ne birni na farko a Amurka da ya yi haka, 'yan ƙungiyarku sun san hanyar sarai. In ta yafe miki kuma ta yarda, ki ce za ki raka ta duk ranar da za ta je, ko ki zauna da mijin nata na awa biyu ta samu ta fita, wannan ai sana'arki ce, kin fi kowa a kwamitin iya juya mara lafiya a gado.

Bayan nan sai ki kira yarinyar ki ce kina son zama da ita ku biyu. Wannan ba zai zame mata baƙo ba, zaman mutum biyu na kamar rabin awa shi ne ƙashin bayan aikinsu, da shi suke sanin mutane. Ki faɗa mata kin je wurin dattijuwar, kin karɓi laifinki, sannan ki ce amma yadda kika yi min a gaban mutane ya ƙona min rai, a al'adata wannan babban abu ne kuma na ji a taku ma haka ne, da kin ja ni gefe da na gyara a ranar. Kar ki ɗaga murya kar kuma ki rage komai. Yadda za ta karɓi wannan magana shi zai nuna miki ko ƙungiyar wurin zama ce. In ta ce ta yi kuskure, kuma ina kyautata zaton za ta ce tunda har sun yi ta kiranki, to ki nemi a faɗa a mitin cewa an sasanta, tunda a mitin aka ɓata. In kuwa ta nuna ƙa'ida a kanki kaɗai take aiki ban da ita, to nan kam ni da kaina zan ce ki tattara ki nemi wata ƙungiyar 'yan haya, suna da yawa a Bronx.

Maganar maigida kuma, ki bi shi a hankali, ganin hawayenki ne ya sa shi faɗa, kuma na san abin da ke zuciyar mutanenmu game da Gaza, ni ma yana zuciyata. Amma ki tuna masa abin da ya kai ki: hita. Dokar birnin ta ce daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole mai gida ya ɗumama ɗaki, da dare zafin ɗakin kar ya sauka ƙasa da digiri 62 a ma'aunin Amurka, wajen 17 a namu, kuma kun fi kowa sanin abin da ke faruwa in ba a yi ba, gobarar benen Twin Parks da ke nan Bronx a Janairun 2022 da ta ci mutum 17, yawancinsu 'yan Gambiya Musulmi, daga ƙaramar hitar lantarki ta tashi. Mutanen da suka hau matakala suna ƙwanƙwasa ƙofofinku cikin sanyi ba su tambayi addininku ba. Kuma Yahudawan Amurka kansu ba bakinsu ɗaya ba kan Isra'ila, wasu na goyon baya, wasu an kama su a tashar Grand Central a Oktoban 2023 suna zanga-zangar a tsagaita wuta, a ɗaki ɗaya ma za ki samu uwa da 'ya sun saɓa. Suna da wata tsohuwar magana ta saɓani don Allah, suna ba da misali da makarantun malamai biyu, Hillel da Shammai, da suka yi ta jayayya amma aka fifita ɓangaren Hillel saboda sauƙin kansu da kuma yadda suke fara kawo hujjar abokan jayayyarsu kafin tasu, kishiyar saɓani don Allah kuma suka ce saɓanin Kora ne da ya tayar wa Annabi Musa, wanda mu muka sani da Ƙaruna. Takardar ba ta ce ki canza ra'ayinki kan komai ba, ba ta kuma taɓa addininki ba. In wata rana aka nemi ki sa hannu kan abin da zuciyarki ba ta yarda da shi ba, ki ce a'a a fili, wannan ma haƙƙinki ne a zaman.

Kuma tunda za ki koma, ki daina zama kamar baƙuwa a kan takardar. Su sun sa ba a mitin daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa daren Asabar saboda ranar hutunsu ta Shabbat, kuma kuna girmama musu. To ke ma ki ce a sa hutun minti goma in magariba ta faɗo a tsakiyar mitin, a kuma duba lokaci in azumi ya zo, a rage gudun Turanci saboda irinku, sannan a riƙa karanta ƙa'idojin da baki a farkon zama maimakon a miƙa wa mutum takarda da biro. Da an yi hakan ranar farko da kin ji layin sirrin da kunnenki.

In za ki je wurin dattijuwar kar ki tafi hannu rabbana, amma kar ki dafa mata nama ko wani abin da ya haɗa nama da madara, wataƙila tana kiyaye dokar abincinsu ta kosha ta rasa yadda za ta yi da kwanon ta ƙara jin nauyi. Dabino ko lemo da ayaba sun isa. Ki kauce wa yammacin Juma'a da Asabar, ki je ranar Lahadi da hantsi. Allah ya ba mijinta lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ki rubuto min in ji yadda kuka yi.